Darasin Kiwo: Da Me Za Mu Yanki Ciyawa a Sarkin Yamma?



Darasinmu na yau a kan yankan ciyawa yake. Ba sabon aiki ba ne. Kowa ya tashi ya tarar da lauje a gidansu. Amma yanzu kayan yanka sun yawaita. Wanda ya shiga Maradi zai ga injuna a shaguna, yawancinsu ƙirar ƙasar Sin. Mai shago zai ce maka kowanne na ƙwarai ne. Shi bai san gonarka ba. Kai ne ka san ta. Saboda haka kafin ka kwance bakin lalita, zauna mu yi lissafi.

Nawa dabbobinka suke ci?

Sa mai nauyin kilo 250 yana cin busasshen abinci kusan kilo 6 a rana. Akuya ko tunkiya tana cin kusan kilo 1. Ragon turke ya fi haka.

A ce a gidanku akwai shanun amalanke 2, uwargida kuma tana da jajayen awaki 5. Shanu za su ci kilo 12 a rana. Awaki za su ci kilo 5. An sami kilo 17. Watannin wuya su ne Maris, Afrilu, Mayu da Yuni, wato kusan kwana 120. Idan ka ninka 17 sau 120, za ka sami kilo 2,040. Tan 2 ke nan da ɗan ɗori.

Harawar wake da ta gujiya da karan hatsi za su ɗauke wani kashi. Abin da ya rage, ciyawa ce za ta cike shi. Kada ka manta, ɗanyar ciyawa ruwa ne ya fi yawa a cikinta. Kilo 4 na ɗanya, in ta bushe, kusan kilo 1 take komawa. Wanda yake son busasshiya kilo 500, sai ya yanki ɗanya kusan kilo 2,000.

Ciyawa kuma tana da lokacinta. Sa'ad da ta fara fitar da kai, kafin ta zubar da ƴaƴa, a nan ƙarfinta yake cika. A wajenmu wannan yakan faɗo daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba. In ka yanke ta a lokacin, ka shanya kwana 2 ko 3 kana juyawa, ka tara a inuwa, za ta tsaya koriya da ƙamshinta. Wadda aka bari ta bushe a tsaye har hunturu ba ta riƙe ko rabin ƙarfin nan. Tana cika ciki, ba ta sa nama, ba ta kawo nono.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wannan lokacin ne hatsi yake nuna, wake yake son tsinka. Hannu ya yi kaɗan, aiki ya yi yawa. Shi ya sa mutane suke sha'awar inji. Sha'awar ba laifi ba ce. Tambayar ita ce: wane inji, kuma a wane fili?

Je ka dubi filin da idonka

Ƙasarmu ba ƙasar duwatsu ba ce irin ta Adar. Amma kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tabarma. Muna da jigawa, rairayi mai hawa da sauka. Muna da gangaren da yake sauka zuwa fadamar Gulbin Maradi. A kan gangaren nan ruwa ya tsaga kwazazzabai, wasu sun fi tsawon mutum zurfi. Muna da fadama, wadda ƙasarta take tauri tana tsagewa in ruwa ya janye, da sawun shanu da ya bushe ya zama ramuka. Kowane ɗaya da irin kayan da suka dace da shi.

Ga yadda za ka auna gangare. Nemi igiya mai mita 4. Kafa turke a sama, ka ɗaura igiyar a gindinsa. Ɗan'uwanka ya ja ɗaya bakin zuwa ƙasan gangaren. Ya ɗaga hannu har igiyar ta miƙe daidai, ba ta karkata ba. In kuna shakka, ku kwantar da kwalba mai ruwa rabi a jikin igiyar: ruwan zai nuna muku in ta daidaita. Sai ku auna daga bakin igiyar zuwa ƙasa. In tsayin ya kai mita 1, wato kusan ƙugun babban mutum, wannan gangare ya fi ƙarfin duk injin da ake hawa a zauna a kansa. Ku rubuta abin da kuka samu.

Bayan gangare sai cikas. Auna wuri mai mita 50 a tsaye, mita 50 a kwance. Wannan shi ne kashi ɗaya cikin huɗu na hekta. Ƙirga duk abin da zai tare baki: itace babba da ƙarami, kututture, suri, rami, bakin kwazazzabo. Ninka abin da ka samu sau 4. Ka san cikas nawa ke cikin hekta ɗaya.

A nan ne gonakinmu suka bambanta da na ƙasashen da ake ƙera injunan nan. Tsofaffi sun san yadda gonakin Maradi suka zama fayau bayan farin 1973, iska tana binne shuka. A 1983 wani ma'aikacin mishan ta SIM, mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara nuna wa manoman Maradi yadda za a bar tohon kututture ya girma maimakon a sare shi. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu. Shi ne muke kira sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a Nijar an maido da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta wannan hanya, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da doka a kan wannan aiki, wadda ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Ma'anar wannan ita ce, gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya da ke cikin gonarka dukiya ne. In akwai itace 100 a hekta, kowane mita 10 za ka ci karo da ɗaya. In 50 ne, kowane mita 14. Duk injin da zai sa ka tumɓuke su don ya sami hanya, ba injinka ba ne. Ƴaƴan gawo kaɗai abincin dabbobi ne a tsakiyar rani, lokacin da babu komi.

Lauje da ƴan'uwansa

Kada kowa ya raina lauje. Shi ne kaɗai yake shiga ko'ina: gindin itace, bakin kwazazzabo, tsakanin kunyoyin hatsi, kan iyakar gona inda gamba take. Mai lauje yana ganin abin da yake yanka. Yana zaɓen kyasuwa da gadagi da harkiya, ya bar abin da dabba ba ta so. Yana kauce wa ɗan gawon da bai wuce tafin hannu ba. Maƙerin garinku yana ƙera shi, in ya karye ya gyara. Mace tana aiki da shi, yaro ma haka.

Aibinsa biyu ne: jinkiri da ciwon baya. Amma rabin jinkirin nan daga dakushewa yake. Sau da yawa na ga mutum yana kokawa da ciyawa, yana tumɓuke ta da saiwa, alhali laifin bakin laujen ne. A wasa shi kafin a fita, a kuma tafi da magagari ko ɗan dutsen washi a aljihu. Ƙota ta zama mai santsi, wadda ta cika hannu, an ɗaure ta sosai.

Adda ta sassabe ce da manyan tsirrai. Magirbi na kara ne. Manjagara kuwa, wadda ake tara busasshiyar ciyawa da ita a daji, ina da magana a kanta. Tana da sauri, gaskiya ne. Amma tana kwashe komi, har da irin da zai tsiro baɗi, ta bar ƙasa tsirara ga iskar bazara. Wurin da aka yi wa manjagara shekara uku a jere, je ka duba abin da yake fitowa.

Akwai wani lauje da yawancinmu ba su taɓa riƙewa ba. Mu kira shi laujen tsaye. Bakinsa ya kai kamu ɗaya da rabi, ƙotarsa ta kai tsawon mutum, tana da mariƙi biyu. Ba a sunkuyawa. Mutum yana tsaye, yana juya ƙugu, bakin yana shafar ƙasa, ciyawa tana kwanciya a jere a hagunsa. A Turai da shi aka yi ta yankan ciyawa kafin zuwan inji, kuma gwani yakan yanke kashi ɗaya cikin uku na hekta a yini. Har yau a duwatsun Suwis da Ostiriya ana aiki da shi a gangaren da inji ba ya iya hawa. Ba ya shan mai. Yana son ɗanyar ciyawa mai kauri, da sassafe, tun raɓa ba ta gama bushewa ba. A busasshiyar ciyawa zamewa yake yi. Bakinsa siriri ne ƙwarai, kututture ɗaya ya isa ya ɓantare shi. Ana wasa shi bayan kowane ɗan lokaci, ana kuma buga bakin da guduma a kan uwar maƙera don ya sake yin siriri. Wannan bugun sai an koya. A fadama da filin da aka keɓe don ciyawa, ni a ganina ya fi cancanta a gwada shi kafin a yi maganar inji. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Injin da shanu ke ja

Mai shanun huɗa zai ce: tunda ina da shanu, me zai hana su yanka mini? Akwai irin wannan inji. Yana da ƙafa biyu na ƙarfe, da wuƙa doguwa a gefe mai haƙora, tsawonta ya ɗara mita 1. Juyawar ƙafafun ce take motsa wuƙar.

Mu yi lissafi. A ce faɗin yankansa mita 1 da kwata ne. Hekta tana da faɗin mita 100, saboda haka sai an yi sahu 80. Kowane sahu mita 100 ne. Tafiyar kilomita 8 ke nan. Shanu masu ƙarfi za su yi ta cikin awa 3 ko 4. A takarda abin ya yi kyau.

A jigawa kuwa labari ya sha bamban. Ƙafafun suna zamewa a rairayi. In sun zame, wuƙa ta tsaya, ciyawa ta cushe ta. Rairayin da take gogawa yana cinye kaifinta. Shanunmu sun saba da tafiyar amalanke a hankali, shi kuma yana son tafiya mai sauri, ba tsayawa. Sa'an nan ga itatuwa. A kowane itace sai an ɗaga wuƙa, an kewaya, an sauke. In wuƙar ta haɗu da kututturen sabara da ciyawa ta ɓoye, haƙori ya karye, kuma ba a samun irinsa a kasuwar ƙauye. Wannan inji na shimfiɗaɗɗen fili ne mai tauri, wanda aka share aka cire kututture. Irin wannan fili kaɗan ne a ƙasar Sarkin Yamma.

Iyayenmu sun ga makamancin wannan. A ƙarshen shekarun 1970 babban aikin raya karkara na Maradi ya raba kayan noma bashi ta hannun ƙungiyoyin manoma: shanu, garma, injin shuka, amalanke. Fari na 1984 ya zo, shanu suka mutu ko aka sayar, bashi ya tsaya a wuyan mutane. Kaya da yawa suka yi tsatsa a bayan ɗaki. Wanda ya zauna da gindinsa har yau shi ne amalanke. Dalili kuwa a fili yake: yana aiki rani da damina, yana kawo kuɗi, kuma mai walda na kusa yana gyara shi. Duk abin da za ka saya, yi masa waɗannan tambayoyi uku.

Tunda maganar amalanke ta zo: wanda ba shi da shi, ya fara da shi kafin injin yanka. Me amfanin ciyawar da ka yanka ta yi tuli a fadama, ruwa ya sauka a kanta ta ruɓe don babu abin ɗauka?

Injin rataye

Wannan shi ne wanda samari suka fi tambaya a kansa, don haka za mu daɗe a nan. Sanda ce ta ƙarfe, doguwa. A baya akwai ɗan inji kamar na ƙaramin janareto, a gaba akwai baki mai juyawa. Ana rataya shi a kafaɗa da ɗamara. Nauyinsa kilo 7 zuwa 9. Cikin injuna duka, shi ne ya fi dacewa da fili mai gangare da itatuwa, domin duk inda ƙafar mutum ta taka, yana zuwa.

Bakinsa iri uku ne. Akwai na igiyar roba. Wannan yana daddatsa ciyawa ƙanana-ƙanana, ya watsa ta cikin rairayi. Na share tsakar gida ne da bakin hanya, ba na mai neman abincin dabbobi ba. Akwai faifan ƙarfe mai haƙori 2 ko 3 ko 4. Shi ne naka: yana yanke ciyawa da tsawonta ta kwanta, a iya ɗaure ta dami. Akwai kuma faifai mai haƙora da yawa kamar zarto, na sare ƙananan itatuwa. A gonar da ake sassaben zamani, a bar wannan a gida.

Yawancin injunan nan ba su da wurin zuba baƙin mai dabam. Ana haɗa man fetur da man inji na musamman kafin a zuba. Kowane inji da ma'auninsa, kuma a rubuce yake a jikinsa ko a takardarsa. In ka ga 50:1, a kowace lita ɗaya ta fetur za ka sa mililita 20 na man haɗi. A lita 5, mililita 100. In ka ga 25:1, ninki biyu ne: mililita 40 a lita ɗaya, 200 a lita 5. Nemi sirinji babba mai lamba a jiki ka riƙa aunawa. Kada ka auna da ido. Wanda ya zuba fetur zalla, injin zai ƙone kafin ya gama tanki ɗaya. Kada kuma a sa tsohon man da aka juye daga mota ko babur. Araha ba ta ado.

Tankinsa bai cika wuce lita ɗaya ba, kuma a aiki mai ƙarfi yakan ƙare cikin awa ɗaya ko da ɗan ƙari. Hekta ɗaya ta ciyawa aikin fiye da yini guda ne ko da inji. Saboda haka kuɗin mai ba ƙarami ba ne. Mun kuma ga yadda kuɗin mai yake rawa. Da can man da ake shigowa da shi daga Nijeriya ya fi araha a wajenmu. Da gwamnatin Nijeriya ta cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, nan da nan arahar ta tafi. Lauje bai ji komi ba a ranar.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarsa. Akwai wani soso a gefen inji da yake tace iska. A ƙasarmu ta rairayi a buɗe shi kowace rana, a wanke da ruwa da sabulu, a bari ya bushe sarai kafin a mayar. In soson ya yage, kada a tada inji sai an sami wani. Ka ajiye buji ɗaya da igiyar tayarwa ɗaya a gefe. A riƙa sa giris a kan da yake juya faifai. Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai shago ya nuna maka kayan gyaran a hannu: buji, soso, faifai, kabureta. In ya ce sai an aiko daga nesa, akwai lauje cikin naɗi. Ka kuma tambayi makaniken babur na kusa da ku ko ya san irin injin.

Yanzu maganar haɗari, kuma ku karanta wannan sau biyu. Faifan nan yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya. Yana harba tsakuwa da guntun itace kamar gwafa da roba. Kada mutum ko dabba ya matso kusa da mita 15, wato taki 20 na babba. Yara suna son kallon sabon abu: a kore su. Mai aiki ya sa tabarau, da dogon wando, da rufaffen takalmi. Ba a riƙe wannan inji da silifa ko babbar riga. Ya toshe kunnensa, don ƙarar tana rage ji a hankali. Kada a cire marfin da ke bayan faifai. In faifai ya bugi kututture, yakan yi tsalle gefe da ƙarfi. Shi ya sa ake bin fili tukuna a ƙafa, a kafa kara mai tsumma a kan kowane kututture da kowane ɗan itacen da ake raino. In ciyawa ta naɗe faifai, a kashe inji kafin a kai hannu. Faifan da ya tsage, a jefar da shi, kada a kai walda.

A gangare, yi yanka a gicciye, kana bin gefen tudu, ka fara daga ƙasa kana hawa sahu-sahu. Kada ka tsaya da wani a ƙasanka. Kada ka matsa bakin kwazazzabo, ƙasar wurin ruwa ya rarake ta a ƙarƙashi. Ciyawar bakin kwazazzabo ma a bar ta, ita ce take riƙe ƙasar.

Sai wuta. Ba a zuba mai inji yana da zafi, ba a zuba shi cikin busasshiyar ciyawa, ba a shan taba a wurin. Faifai in ya bugi dutse yana fitar da tartsatsi. Da hunturu, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye abincin dabbobin gari guda.

Akwai aiki ɗaya da injin rataye ya fi kowa: sarar garmani. Duk mun ga yadda garmani ya cinye burtali da makiyaya. In matasan gari suka sare shi kafin ya yi ƴaƴa, shekara bayan shekara, aka watsa irin kyasuwa a wurin, ciyawar kirki tana samun hanyar dawowa.

Manyan injuna

Akwai inji mai ƙafa biyu da mutum yake bi a baya yana riƙe da shi, da wuƙa a gaba. Manoman tuddan Italiya da Suwis suna aiki da shi. Yana bin gangare a gicciye, ya fi na shanu iya kewaya itace. Amma kuɗinsa ya fi ƙarfin gida ɗaya, kayan gyaransa kuma suna nesa.

Tarakta kuwa ba ta ƙananan gonakinmu masu itatuwa ba ce. In ƙungiya ta yi hayarta don wani babban fili, direba ya riƙa hawa da sauka a miƙe, kada ya bi gangare a gicciye, domin ta nan take kifewa. Ya nisanci bakin kwazazzabo. Kada a ɗora yaro a gefe.

Ni da za a tambaye ni injin da ya fi cancanta ƙungiya ta haɗa kuɗi a kansa, zan ce injin niƙa kara. In ka zuba wa dabba kara da tsawonsa, ganye take ci ta tattake saura. In an niƙa, aka gauraya da dusa da ɗan gishiri, kusan duka take cinyewa. Ana ƙera irinsa a cikin ƙasarmu, kuma yana aiki watanni da yawa, ba makonni uku ba.

Abin da za ka bar wa ƙasa

Ko da me ka yanka, kada ka aske fili. Bar tsawon faɗin tafin hannu a ƙasa. Gamba a bar mata fiye da haka, kusan taƙi ɗaya, don daga gindi take tohowa kowace shekara. A kowane fili a bar wani ɓangare ya zubar da iri.

Karan hatsi a sare shi da zarar an gama girbi, a kwantar. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa tsutsar da take huda kara tana kwana a cikinsa har damina, kuma in an kwantar da karan a ƙasa zafin rana yana kashe mafi yawanta. Kada a kwashe shi duka zuwa gida. Wanda aka bari yana tare rairayin da iska take ɗauka, gara kuma ta maida shi taki.

A kula da gyauron dawa, wato tohon da yake fitowa bayan an sare ta. Yana da dafi tun yana ƙarami, yana iya kashe saniya cikin awa guda. Kada a yanko shi ɗanye a zuba wa dabba.

Abu ɗaya kuma: ba duk ciyawar da ka gani ce taka ba. Inji yana sa mutum kwaɗayi. Abin da da mutum goma za su yanka, yanzu mutum ɗaya zai kwashe ya kai kasuwar Maradi. Makiyaya da burtali na kowa ne, har da Fulani da Buzayen da suke saukowa bayan an saki gonaki. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta sa ƙa'ida a kan kwasar ciyawa a wuraren kiwo, musamman don sayarwa. Kafin ka shiga da inji wurin da ba gonarka ba, je wurin mai gari da kwamitin kula da filaye na garinku, wanda ake kira Kofo.

Lissafin ƙungiya

Ga aikin da za ku yi tare da malaminku a kan allo. A ce ƙungiya ta mutum 10 ta sayi injin rataye a kan jika 100. Misali ne kawai, ku sa kuɗin da kuka tarar a kasuwa. A ce zai yi shekara 4 yana aiki. Kowace shekara ya ci jika 25 ke nan, ko an tada shi ko ba a tada ba. Ƙara jika 10 na gyara, ya zama 35. In ya yi aiki kwana 35 a shekara, kowace rana ta ci jika 1, ban da mai da ladan mai riƙe shi. In kwana 7 kaɗai ya yi, kowace rana ta ci jika 5. To, nawa ake biyan ɗan ƙwadago mai lauje a garinku a yini? Dami nawa yake yankowa? Ku gwama.

In kun ga inji ya fi, ku zaɓi mutum 2 kaɗai da za su riƙa aiki da shi. Injin da kowa ke riƙewa ba ya ganin baɗi. Magatakarda ya buɗe littafi mai layi huɗu: rana, sunan mai gona, litar mai, kuɗin da aka biya. Kuɗin gyara a ware shi dabam, kada a ba da shi rance. A kuma tsara bi da bi tun watan Yuli, da ƙuri'a in ya kama, domin a Satumba kowa zai so a fara da shi.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya zo da lambobi huɗu a littafinsa: yawan dabbobin gidansu, kilon abincin da za su ci cikin kwana 120, tsayin gangaren gonarsu a igiya mai mita 4, da yawan cikas a hekta ɗaya. Wanda gonarsa take nesa, ya auna ta maƙwabcinsa.